Shirin Musamman: Ƙa'idar da Ke Ɓoye Cikin Hira

Shirinmu na yau zai tsaya ne a kan abin da kowa yake yi tun daga wayewar gari har ya kwanta, wato hira. Akwai wani reshen bincike a jami'o'i da ake kira nazarin hira, kuma hujjar da nake son in kafa daga gare shi ita ce: magana tsakanin mutum biyu tana da ƙa'ida wadda masu maganar suke bi sau da ƙafa amma ba za su iya faɗinta ba. In kuwa haka ne, duk wanda aikinsa sauraron jama'a ne, musamman likita, ya kamata a koya masa aikin daga muryoyin da aka naɗa a wurin aiki na gaske, domin abin da mutum yake tunawa ya faɗa ba abin dogaro ba ne.

Tushen wannan ilimi wuri ne mai ban tausayi. A farkon shekarun 1960, wani masanin zamantakewa mai suna Harvey Sacks ya yi aiki a wata cibiya a birnin Los Angeles na Amurka, inda ake amsa wayar mutanen da suka yanke ƙauna har suna tunanin kashe kansu. Damuwar ma'aikatan ita ce wasu masu bugowa ba sa faɗin sunansu. Da Sacks ya zauna yana ta maimaita sauraron faya-fayen, sai ya lura cewa in ma'aikaci ya fara da faɗin sunansa, mai bugowa ma yakan faɗi nasa ba tare da an tambaye shi ba, don an buɗe masa gurbin yin haka. Sai ga wani da ya ce bai ji sunan ba. Ma'aikaci ya maimaita, shi ma ya maimaita sunan ma'aikacin, kafin a ankara gurbin ya wuce. Bai ƙi faɗin sunansa ba, bai kuma faɗa ba. Daga irin wannan lura ne Sacks da Emanuel Schegloff da Gail Jefferson suka fitar da shahararriyar maƙalarsu a 1974 a mujallar Language, kan yadda mutane ke karɓa-karɓar magana. Jefferson ce ta ƙirƙiro hanyar rubuta hira da numfashinta da dariyarta, har ana auna shiru da kashi 1 cikin 10 na daƙiƙa. Sacks ya rasu a haɗarin mota a 1975, sai a 1992 aka buga laccocinsa.

Me ya sa za a auna shiru haka? A 2009 Tanya Stivers da abokan aikinta, da yawansu daga Cibiyar Max Planck ta Nijmegen a ƙasar Holand, suka auna tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa a harsuna 10, daga Japananci da Koriyanci har zuwa wani harshen Namibiya da wani na Papua New Guinea. Matsakaicin tazarar kusan kashi 2 cikin 10 na daƙiƙa ne. Japanawa suka fi sauri, kusan babu tazara, mutanen Denmark suka fi jinkiri, su ma ba su kai rabin daƙiƙa ba. Abin mamakin shi ne, gwaje-gwajen masana ƙwaƙwalwa sun nuna cewa shirya kalma guda kafin a furta ta yana cin kusan kashi 6 cikin 10 na daƙiƙa. Ke nan mai sauraro yana shirya amsarsa tun abokinsa bai rufe baki ba, yana kuma hango inda zancen zai tsaya. Binciken Stivers ya kuma nuna cewa a dukan harsunan nan amsar "e" ta fi amsar "a'a" saurin zuwa. Shi ya sa wanda ya je neman rance, in ya ji daƙiƙa guda ta wuce ba amsa, yakan yi sauri ya ce in babu hali ba komai. Ya riga ya ji "a'a" a cikin shirun.

Wani zai ce ai wannan abu ne da kowa ya sani, ba sai an kashe kuɗin bincike ba. Da an san shi, da ba a sami abin da aka samu a asibitoci ba. A 1984 Howard Beckman da Richard Frankel suka naɗi ganawar likitoci da marasa lafiya sau 74 a Amurka, suka tarar likita yakan katse mara lafiya bayan kimanin daƙiƙa 18 da fara bayaninsa, kuma ƙasa da kashi 1 cikin 4 ne suka samu kai bayaninsu ƙarshe. Waɗannan likitoci ba mugaye ba ne, sauri suke yi su taimaka. A 2007 kuma John Heritage da abokansa suka sa wasu likitoci su tambayi mara lafiya ko da sauran damuwa ta siga biyu, bambancinsu kalma ɗaya tak. Siga ɗaya tana karkata zuwa ga amsar "babu", ɗayar tana gayyatar "akwai". Ta biyun ta rage damuwoyin da ake komawa gida da su ba a faɗa ba da kashi 78 cikin 100, ba tare da ganawar ta ƙara wani tsawo ba. Babu likitan da zai gano wannan da tunaninsa kaɗai.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi, kuma tana da gaskiyarta. Ana cewa an gina wannan ilimi ne kan Turawa, alhali mu muna da kunya da kara, yaro ba ya haɗa ido da babba, kuma shiru a gaban suruki ladabi ne. Haka ne, harsuna 10 ba su ne duniya ba, Hausa ma ba ta cikinsu. Amma abin da wannan suka ke nunawa shi ne buƙatar a yi aikin a nan. A duba abu guda. In aka ce wa Bahaushe "yaya jiki?", amsar da tarbiyya ta ɗora masa ita ce "da sauƙi", ko da kuwa ranga-ranga aka kawo shi. To in likita ya buɗe ganawa da wannan, gaisuwa ya yi ko tambaya? In ya ɗauki amsar a matsayin bayanin ciwo, ya ɓata tun a matakin farko. Haka nan dattijuwar da likita ya yi wa bayanin magani ta ce "to", mai yiwuwa ta fahimta, mai yiwuwa kuma girmamawa ce kawai. Yadda za a bambance shi ne a ji tsawon shirun da ya gabaci wannan "to" ɗin, da sautinta, da abin da ya biyo baya, a ganawa ɗari ko fiye.

Saura batun sirri, wanda ba na wasa ba ne, domin abin da ake faɗa wa likita amana ce. Masu wannan bincike suna neman izini a fili, su sauya sunaye, su ɓoye fuska, kuma wanda ya ce a'a a bar shi. Masu cewa na'urar naɗar murya tana sa mutum ya canza magana kuwa, gaskiya ne yana iya gyara kalmominsa, amma da wuya ya riƙe linzamin abin da ke faruwa cikin kashi 2 cikin 10 na daƙiƙa. Muna da masana Hausa a Jami'ar Bayero ta Kano da Ahmadu Bello ta Zariya da Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato da Abdou Moumouni ta Yamai, dukansu kuma suna da sashen koyar da likitanci. Wayar hannu ta isa naɗar murya. Abin da ya rage shi ne malamin harshe da malamin likitanci su zauna su tsara aikin tare, su nemi izinin kwamitin ɗa'a da na marasa lafiya, sannan a kunna na'ura a ɗakin duba marasa lafiya.