Jimmy Carter: Mai Siton Gyada a Majalisar Jojiya

A kudancin jihar Jojiya ta Amurka ana shuka gyada tsakanin Afrilu da Mayu, a fara cirewa a Satumba. Lokacin ƙuruciyar Jimmy Carter, wanda aka haifa a garin Plains a 1924, alfadari ke jan garma ya sassauta kunya, mutane na biye suna tumɓuke gyadar. Sai a karkaɗe ƙasar, a jibga ta jikin sandunan da aka kakkafa a gona, 'ya'yan daga ciki, ganyen daga waje, a bar ta makonni ta bushe. Tun yana ɗan shekara biyar yake dafa ɗanyarta da gishiri ya kai talla cikin gari.

Da ya girma sai ya shiga sojan ruwa. Rasuwar mahaifinsa a 1953 ce ta sa ya ajiye kaki ya dawo gida, kuma matarsa Rosalynn ba ta so hakan ba ko kaɗan. Abin da ya gada ya wuce gona. Akwai sito inda manoma ke karɓar iri da taki bashi sai kaka, a can kuma suke kawo gyadarsu a ɗora a sikeli, a duba danshinta, a yanka mata kuɗi. Daminar 1954 ta zo da fari, masu bashi suka kasa biya, shi kansa da iyalinsa a gidajen gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi suke haya. Da kansa yake loda buhuna a mota. Rosalynn ta koyi lissafin kuɗi ta riƙe littafi, ita ke faɗa masa inda ake ci da inda ake faɗuwa. Daga baya ya koma noma irin da zai sayar maimakon saro na wasu, nan ne kasuwa ta buɗe.

A ganina, a bakin wannan sikeli ya koyi siyasa. Mai sito ya san wanda gonarsa ta yi, ya san wanda bashi ya shaƙe wa wuya, kuma duk cinikinsa amana ce ke riƙe da shi. Shi ya sa ƙin shigarsa ƙungiyar fararen fata masu kare wariyar launi ya zama kasada, don masu kawo masa gyada su ne 'yan ƙungiyar. Wasu sun ɗauke ƙafa, amma ƙauracewar ba ta daɗe ba.

A 1962 ya nemi kujerar majalisar dattawan jihar. A gundumar Quitman wani uban siyasa, Joe Hurst, ya tsaya kan akwati, aka ƙirga ƙuri'u fiye da masu zaɓe, har matattu sun sa hannu. Carter ya bi sawun ƙuri'un, ya kai ƙara, aka soke akwatin, ya shiga majalisa a Janairun 1963. Ya yi alkawarin ba zai goyi bayan kowane ƙuduri ba sai ya karanta shi daga farko har ƙarshe. Abokan zamansa sun ɗauke shi mai naci, kuma ba su yi ƙarya ba.

Ya faɗi takarar gwamna a 1966, ya ci a 1970. Wannan kamfen ɗin bai fita fes ba, don ya lallaɓi masu ra'ayin wariya ya samu ƙuri'unsu, sannan ranar rantsuwa ya shaida musu cewa zamanin wariya ya wuce. Wasu sun kira abin dabara, su kuwa yaudara suka kira shi. Ya tattara hukumomin jiha kusan 300 ya mayar da su 22, ya kuma sa aka rataya hoton Martin Luther King a ginin majalisa.

Da ya zama shugaban ƙasa a 1977 sai ya damƙa siton a hannun amintattu don kada a ce mulki na yi wa kasuwarsa aiki. Ya sauka a 1981 ya tarar da bashin da ya kai dala miliyan ɗaya, fari da rashin kula sun cinye jarin. Ya sayar da siton, ya riƙe gonakin, ya koma rubuta littattafai don ciyar da gida.