Idan Sabar Ta Yi Shiru, Ina Rahotonka Yake?

Ma'aikaci ya kammala rahoton kasafi, ya danna ajiyewa, kwamfuta ta tsaya cik. Sabar da ke riƙe da fayilolin ofis ce ta daina amsawa.

A tsarin NFS, wanda kamfanin Sun ya ƙirƙiro a 1984, makomar rahoton ta dogara da irin haɗin da aka zaɓa. Haɗin "hard" yana ta sake aika rubutun har sabar ta farfaɗo. Jiran akwai cin rai, amma shi ya fi aminci. Haɗin "soft" kuwa yakan haƙura bayan 'yan gwaje-gwaje, kuma manhajar da ba ta lura da kuskuren ba sai ta nuna kamar an ajiye.

Idan kwamfutarka ta daskare haka, kada ka kashe ta, domin rubutun yana cikin ƙwaƙwalwarta tukuna. Jami'in fasaha ya fara duba sabar.