Manhajar kyauta da akwatin wifi: jita-jita da gaskiya a Madawa, Buza da Keita

Wanda ya bi babban titin da ya ratsa Madawa, daga Ƙwanni zuwa Maraɗi, zai ga sana'ar da ba a san ta ba shekaru kaɗan da suka wuce. Ƙaramin akwati fari maƙale a kan dogon ƙarfe, a ƙarƙashinsa samari sun duƙufa kan wayoyinsu, kowa riƙe da guntuwar takarda mai lambobi. Wifi zon ke nan. Tun da Starlink ya fara aiki da izinin hukuma a Nijar a 2025, sana'ar ta ƙara bazuwa har Buza da Keita. Dillalan albasa, masu shagon magani da ƴan canji su ma sun fara tunanin ajiye kwamfuta guda da za ta riƙe lissafinsu, wato abin da masana ke kira uwar garke. Kuma kamar kowace sabuwar sana'a, ta zo da maganganu barkatai, wasu gaskiya, wasu rabi, wasu kuwa ba su da tushe. Tunda da kuɗin gumi ake sayen kayan nan, ya kamata a tsefe su.

Maganar da na fi ji ita ce wai MikroTik, akwatin da yawancin masu wifi zon ke buga tikiti da shi, buɗaɗɗiyar manhaja ce a cikinsa, ta kowa da kowa. Ba haka ba ne. MikroTik kamfani ne na ƙasar Latbiya, an kafa shi a 1996, kuma manhajarsa mai suna RouterOS mallakarsa ce. Gaskiya ne an gina ta a kan ƙwayar Linux, wadda buɗaɗɗiya ce, daga nan ruɗanin ya samo asali, amma abin da aka ɗora a sama rufaffe ne, ba a ba kowa damar karantawa ko sauyawa ba. Lasisin yana cikin kuɗin akwatin, shi ya sa mai saye ba ya jin ya biya. Kuma lasisin hawa-hawa ne: mataki na 4, wanda ƙananan akwatuna da yawa ke zuwa da shi, yana karɓar masu tikiti 200 a lokaci guda, na 5 yana karɓar 500. Wannan bai sa MikroTik ya zama mugun kaya ba. Yana jure aiki, ba ya cin wuta, kuma masu iya saita shi sun fi yawa a yankinmu. Sai dai a kira shi da sunansa.

Buɗaɗɗu na ainihi a wannan fanni su ne irin su OpenWrt, pfSense da OPNsense. OpenWrt ya faro a 2004, bayan da aka matsa wa kamfanin Linksys ya fito da asalin rubutun manhajar wani akwatinsa, domin da Linux ya yi ta. Ana ɗora shi a kan ƙananan akwatunan raba intanet na kasuwa. pfSense da OPNsense kuwa a kan FreeBSD suke, ba Linux ba, kuma sun fi son kwamfuta sosai mai ƙofar waya biyu. OPNsense ya ɓalle daga pfSense a farkon 2015, kamfanin Deciso na ƙasar Holan ke riƙe da shi. pfSense yana hannun Netgate na Amurka, wanda tun 2021 ya raba shi gida biyu: na al'umma buɗaɗɗe, da pfSense Plus wanda ba buɗaɗɗe ba. Don haka wanda ya ce maka pfSense duka na kowa ne, rabin zance ya faɗa.

Sai masu cewa banza ba ta kai zomo kasuwa, wai abin da aka bayar kyauta ba ya riƙe aikin kirki. Wannan karin magana ba ta hau nan ba, kuma ba sai an je nesa neman shaida ba. Alƙaluman da gundumomin lafiya na Madawa, Buza da Keita ke turawa Yamai, na rigakafi da haihuwa da zazzaɓin cizon sauro, ta DHIS2 suke bi, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke jagoranta, kuma buɗaɗɗiya ce. Wayar Android da ke aljihunka a kan ƙwayar Linux take tafiya, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Finlan. Tun Nuwamban 2017, duk kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya da Linux suke aiki. Abin da ya riƙe waɗannan ba zai gaza riƙe lissafin buhunan albasa ba.

Amma kishiyar wannan magana ita ce ta fi cutar da mutane, kuma a kanta nake so in daɗe. Ana ce wa ɗan kasuwa: sa Linux, ba za ka ƙara kashe ko dala ba. Abin da yake gaskiya a ciki shi ne ba ka biyan lasisi. Windows Server ana biyansa ne bisa yawan ƙwayoyin injin, aƙalla 16, sannan a sake biyan izini ga masu shiga cikinsa. Debian da Ubuntu, nau'o'in Linux, ba su da wannan. Amma kowace manhaja tana da wa'adi. Ubuntu mai dogon zango yana fitowa a watan Afrilu duk bayan shekara biyu, ana gyara shi kyauta shekara biyar. Debian, wanda ƴan sa-kai ke riƙe da shi tun 1993, shi ma kimanin shekara biyar ne idan aka haɗa da ƙarin wa'adinsa. Bayan nan, sai a ɗaga zuwa sabo, kuma wani ne zai zauna ya yi aikin, a biya shi. Har alƙawarin wa'adin ma yana iya karyewa. A Disamban 2020 kamfanin Red Hat ya sanar cewa CentOS 8, wani nau'in Linux wanda aka sa rai zai kai 2029, zai tsaya a ƙarshen 2021. Kamfanoni a duniya suka shiga neman mafita, daga nan aka samu Rocky Linux da AlmaLinux. Duk wanda aka saka masa CentOS 7 kuma, ya sani tun 30 ga Yunin 2024 an daina gyara shi.

Mutanen Keita sun san abin kyauta ma sai da kulawa, tun kafin kwamfuta. Aikin farfaɗo da ƙasa da aka fara a can a 1984 da tallafin Italiya ya bar madatsun ruwa da jerin duwatsu a kan tuddai. Ba wanda ya sayar musu da su, amma inda ruwan damina ya ɓalle gefe ba a toshe ba, shekara mai zuwa kwazazzabo ake tararwa.

Wata maganar kuma ita ce wai Linux ba ya kamuwa da cuta, wai ɓarayin intanet ba sa iya shiga. Ƙarya ce mai daɗin ji. A 2014 an gano ɓarakar da aka sa wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, buɗaɗɗiyar manhajar da ke tsare sirrin shafuka masu ɗimbin yawa. A Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura shiga wata kwamfuta tana ɗan jinkiri, da ya bi sawu sai ya tarar an dasa ƙofar sata a cikin wata ƙaramar manhaja mai suna xz. Da rubutun a rufe yake, da wuya ya iya bin sawun, kuma wannan ne amfanin buɗewa na haƙiƙa. Rufaffun ma ba su tsira ba. A 2018 an kutsa cikin akwatunan MikroTik fiye da 200,000, da yawa daga cikinsu a Birazil, ta wata ɓaraka a Winbox, manhajar saita su, alhali kamfanin ya fitar da gyaranta tun watan Afrilu. Masu akwatunan ne ba su sabunta ba. Ni dai ban cika ganin akwatin wifi a garuruwanmu da aka taɓa sabuntawa tun ranar da aka rataye shi ba, kuma wannan ya fi damuna fiye da gardamar wace manhaja ce gaba.

Akwai kuma masu yi wa mutane romon baka cewa idan aka sauya manhajar akwati, intanet zai ninka gudu, ko ma a samu na banza. Babu wannan. Abin da Airtel, Moov, Zamani, Niger Telecoms ko Starlink suka ba ka, shi ke nan. Abin da manhaja mai kyau ke yi shi ne rabon adalci: ta hana mutum ɗaya mai sauke fim ya shanye na kowa, ta juya zuwa layi na biyu idan na farko ya yanke. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai tura kuɗi, amma ba ƙarin ruwa ba ne a rijiya, guga ce aka tsara. Sayar da intanet ga jama'a kuma harka ce da hukumar ARCEP ke sa wa ido, kuma irin manhajar da ka zaɓa ba ta ɗauke maka neman bayani a wurinta.

Wata magana kuwa gaskiya ce tsantsa, kada masu son Linux su rufe ta. Manhajojin lissafi da akantocinmu suka saba da su, irin Sage, don Windows aka yi su. Uwar garke ta Linux za ta iya ajiye takardu ta raba wa kwamfutocin Windows ta hanyar Samba, amma kafin ka goge komai, tambayi mai riƙe maka lissafi. Haka batun cewa tsohuwar kwamfuta tana farfaɗowa da Linux, shi ma gaskiya ne, sai dai a yi lissafin wuta. Tsohuwar kwamfutar tebur da aka sa wa OPNsense tana shan wuta ninkin-ba-ninkin na ƙaramin akwatin OpenWrt ko MikroTik, wanda batir da faranti ɗaya na hasken rana ke riƙewa. Mun ga yadda aka sha lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a Agustan 2023. Ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu. Na taɓa buɗe wata kwamfuta a wani shago, na tarar fankarta ta cushe da jar ƙasa har ta daina juyawa, mai ita kuwa yana ta zargin manhaja.

Wani ɗan'uwana mai shago a Buza ya biya wani yaro ya haɗa masa komai, kuma yaron ya iya aikinsa. Bayan girbi sai ya tafi ci-rani Abijan, kamar yadda samarin yankin Adar suka saba, lambarsa ta daina shiga. Ranar da akwatin ya rikice, ba wanda ya san kalmar sirrin shiga. Dole aka danna ɗan maɓallin baya da tsinke aka goge shi kaf, tsarin tikiti da sunayen masu biyan wata duk suka tafi, shagon ya yi kwanaki a rufe kafin a samo wani daga Madawa. Da sabon ya gama, ɗan'uwan nawa ya ajiye masa littafi da biro ya ce: "Ƙanena, rubuta mini komai a nan kafin ka tashi." Ya rubuta kalmar sirri, sunan manhajar da lambarta, da shekarar da wa'adinta zai ƙare, ya kwafi saitin akwatin a kan kile biyu na USB. Ɗaya tana aljihun teburin shago, ɗaya tana gida cikin akwatin takardun gona.