Yadda Matsattsiyar Iska Ke Sa wa Sandar Golf Mariƙi

Wasan golf, wanda ya bunƙasa a ƙasar Sikotland tun ƙarni na 15, ana yin sa ne da sanda mai sassa uku: kai wanda ke bugun ƙwallo, da jikin sanda wanda bututu ne na ƙarfe ko na zaren kabon, sai kuma mariƙi na roba inda ɗan wasa ke kamawa. Yau da gobe gumi da rana kan sa robar ta bushe ta yi santsi, har sanda ta riƙa juyawa a hannu lokacin bugu. Tun da dokar wasan ta yarda wa ɗan wasa ya ɗauki sanduna har 14, sauya mariƙi ba ƙaramin aiki ba ne.

Shi mariƙin tamkar doguwar safa yake, tsawonsa kamar inci 10, a rufe ta gefe guda in ban da wata 'yar ƙofa a gindinsa. Faɗin cikinsa yakan kasance inci 0.58 ko 0.60, wato daidai da kaurin sandar ko ƙasa da shi kaɗan, don ya matse ta sosai. A nan matsalar take: abin da aka yi shi don kada ya zame, yaya za a zura shi?

A tsohuwar hanya, akan naɗa wa sandar salatef mai gam ciki da waje, a jiƙa shi da wani ruwa dangin kananzir don ya yi santsi, a tura mariƙin, sa'an nan a jira sa'o'i kafin ya bushe. In an tashi cirewa kuwa, sai an tsaga robar da wuƙa, ta tashi daga aiki ke nan, kuma wuƙar na iya yi wa sandar kabon lahani.

Hanyar iska ba ta bukatar gam. Ana ɗaure sandar a mamatsi don kada ta motsa, a naɗa mata salatef na takarda, a sa bakin mariƙin a kanta. Daga nan sai a cusa bakin tiyon kwamfaresa, irin na masu faci, cikin 'yar ƙofar nan, a riƙa sakin iska kaɗan-kaɗan ana turawa. Ƙarshen sandar a toshe yake da kanta, saboda haka da zarar iska ta cika bututun, ba ta da mafita sai ta tsakanin roba da sanda. Masu wannan aiki sukan yi amfani da matsin da ya kai fam 40 zuwa 60 a kan kowane murabba'in inci, wato ya ɗara na tayar ƙaramar mota, wanda ke tsakanin 30 da 35.

Me ke faruwa a nan? Masanin nan na Faransa, Blaise Pascal, wanda ya rasu a 1662, ya nuna cewa matsin da aka yi wa ruwa ko iska a rufaffen wuri yakan bazu ta kowace fuska daidai wa daida. Don haka iskar na tura robar waje ta ko'ina, sai ta ɗan buɗe. Ita kuwa gogayya, wato turjiyar da ke hana abu zamewa a kan wani, ƙarfinta ya danganta ne da yadda abubuwan biyu suka matsi juna. Da siririyar shimfiɗar iska ta shiga tsakani, sai gogayya ta kusa gushewa, mariƙin ya sulale cikin 'yan daƙiƙoƙi. Wannan dabarar ce jirgin nan mai tafiya bisa matashin iska, wanda Christopher Cockerell na Ingila ya ƙirƙiro, ya yi amfani da ita ya ƙetare mashigin ruwan da ke tsakanin Faransa da Ingila a 1959.

Da an ɗauke iskar, robar sai ta koma yadda take, ta damƙe sandar. Ashe ke nan ba iska ke riƙe mariƙin ba, gogayya ce. Iska ta ɗage ta ne na ɗan lokaci kawai. Shi ya sa ake iya wasa da sandar nan take, kuma in mariƙin ya karkace a sake hura masa iska a gyara, ko a zare shi lafiya lau a sa wa wata sandar.

Sai dai akwai haɗari. Idan tsohon mariƙin da gam aka liƙa shi, iska ba ta samun hanyar wucewa, sai ta taru wuri guda, robar ta kumbura kamar balan-balan ta fashe. Maganin haka shi ne a zura mariƙin cikin bututun roba mai tauri wanda ya ɗan fi shi faɗi, a sa tabarau na kariya, a kuma riƙa ba da iskar a gutsure. Kada a taɓa auna fata ko ido ko kunnen mutum da bakin tiyon, domin matsattsiyar iska na iya kutsawa jiki ta yi mummunan lahani.

Malamin da ke son nuna wa ɗalibansa wannan darasi ba sai ya nemo sandar golf ba. Robar kan keke ma haka ake zare ta: a cusa bakin tiyo ƙarƙashinta a shagon mai faci, ɗalibai su ga yadda abin da ya gagari hannu ke fita cikin sauƙi.