Lauje, Alkyabba da Tsinken Hula: Makaman Talakawan Turai

Da an ambaci yaƙin Turawan dauri, sai zuciya ta kawo barde bisa ingarma, sanye da sulke, takobi a kugu. Amma barade 'yan ƙalilan ne. Doki da sulke da takobi na ƙwarai sai mai hali, kuma a garuruwa da dama doka ta ƙayyade wanda zai rataya takobi. Manomi da makiyayi da macen da dare ya riska a hanya su ma suna da rai da mutuncin karewa. Sandar da ke hannunka da ita kake jifa, in ji masu iya magana. Su ma da abin da suke riƙewa kullum suka tsare kansu, har abin ya zama al'ada mai ƙa'idoji da malamai da littattafai.

Kayan gona

A gonakin Turai na da akwai mabugin alkama, wato doguwar sanda da aka ɗaura wa gajeren gungume da tsirkiya ko sarƙa. Manomi ya kan wuni yana wulwula shi yana sauke shi a kan dami, don haka hannunsa ya san nauyinsa sarai. Bayan da aka ƙone malamin addini Jan Hus a 1415, mutanen Bohemiya, wadda yau take cikin Jamhuriyar Cek, suka yi bore. Jagoransu Jan Žižka, mai ido ɗaya wanda daga baya ya makance ɗungurungum, bai tsaya koya wa manoma takobi ba. Sai aka kafa wa mabugansu ƙusoshin ƙarfe, aka ɗaure kekunan dawakinsu da sarƙa suka zama ganuwa. Daga bayan wannan ganuwa suka sha fatattakar rundunonin barade. Sirrin mabugi shi ne gungumen yana lanƙwasowa ta saman garkuwa, ko an tare sandar sai ya sami kai.

A ƙasar Polan kuwa babban lauje ne ya yi suna, irin mai doguwar ƙota da ake yankan ciyawa da shi a tsaye. Maƙera su kan sa shi a wuta su miƙar da wuyansa, kaifin ya dubi sama kamar mashi. Ranar 4 ga Afrilu, 1794, a fagen Racławice, manoma riƙe da irin waɗannan lauzuna suka ruga kan igwogin Rasha suka ƙwace su. Kwamandansu Tadeusz Kościuszko ya sanya rigar manoma don girmama su, kuma har yau hoton lauje biyu a gicciye alamar kishin ƙasa ce a wurin mutanen Polan.

Masu ilmin faɗa ba su raina waɗannan kaya ba. Paulus Hector Mair, ma'aikacin hukumar birnin Augsburg a Jamus, ya sa masu zane sun tsara masa manyan kundaye masu launi, inda ake ganin mutum biyu suna karawa da ƙaramin lauje, da babba, da mabugi, da kulki, ana bayyana kowane sara da yadda ake kauce masa. Son wannan aiki da rayuwar ƙasaita suka kai shi ga taɓa dukiyar birnin, aka rataye shi a 1579, amma kundayensa suna nan a ɗakunan karatu.

Dutse a cikin mayafi

Cikin duk abin da aka zana a littattafan faɗa na Jamusawa, da wuya a sami mai ban al'ajabi kamar wanda Hans Talhoffer ya nuna a kundinsa na 1467. A zamanin, idan shari'a ta cije babu shaidu, akan bar masu ƙara su kara da juna, bisa imanin cewa Allah zai ba mai gaskiya nasara. To yaya za a yi idan mace ce da namiji? Sai a haƙa rami a sa namijin a ciki har kugu, a ba shi kulki. Ita kuma tana waje, da dutse mai nauyin kusan kilo 2 a ƙulle cikin mayafinta. Tana zagaya shi tana wulwulawa, tana neman ta sauke masa a ka ko ta naɗe masa hannu da ƙyallen. Shi kuwa yana fakon ta matso ya cafko ƙafarta ko rigarta ya jawo ta cikin ramin. Talhoffer ya zana yadda kowannensu zai iya yin galaba. Hukunci ne mai tsanani, amma ya nuna masu shari'ar sun san ƙarfin ba ɗaya ba ne, suka nemi daidaita shi.

Sandar kasuwa

A Ailan a da, namiji ba ya zuwa kasuwa ba tare da gorarsa ba, wadda suke kira shilela. Daga wata bishiya mai ƙaya ko daga itacen oak ake saro ta, a shafe ta da man shanu, a cusa ta cikin bututun hayaƙin murhu ta yi watanni, har ta bushe ta yi baƙi ƙirin tana sheƙi. Ba a can ƙarshe ake riƙe ta ba, sai a ɗan haura, don guntun da ya rage ya kare gwiwar hannu. Uba ke koya wa ɗansa. A ƙarni na 18 da na 19, dangi da dangi ko ƙauye da ƙauye su kan yi arangama ranar kasuwa, a fasa kawuna, wani lokaci har a rasa rayuka.

A arewacin Fotugal ma haka makiyaya da manoma suke da doguwar sandarsu mai kai wa mutum kafaɗa. Babban abin da suke koyo shi ne yadda mutum ɗaya zai fita daga tsakiyar taron da ya kewaye shi: yana juyi, sandar tana kewaya kansa ba tsayawa, har ya buɗe wa kansa hanya.

Tufafi da kayan yawo

Mutanen birni kuwa suturarsu ce garkuwarsu. Achille Marozzo na Bolonya a Italiya, cikin littafinsa na 1536, ya koyar da naɗe alkyabba a hannun hagu a tare sara da ita, ko a wurga ta kan takobin abokin gaba ta danne shi. Littafin Domenico Angelo da aka buga a Landan a 1763 ya nuna yadda ake fuskantar mai takobi da fitila, wanda kan haske wa mutum ido cikin duhu kafin ya kai suka.

Da aka daina yawo da takobi, sai kwagiri ya gaje shi. Injiniya Edward Barton-Wright, bayan ya yi aiki a Japan, ya buɗe makarantar kare kai a unguwar Soho ta Landan wajen 1899, ya ɗauko Pierre Vigny daga Suwizalan ya koyar da faɗa da kwagiri. Darussansu sun haɗa da maƙalo ƙafar ɗan fashi da lanƙwasar kwagiri, da jefa masa kwat a fuska.

Mata ma ba su zauna ba. A farkon ƙarni na 20 suna kafe manyan hulunansu a gashi da dogon tsinken ƙarfe, kuma duk ɗan iskan da ya kai hannu a tarago ko a titi ya kan ji shi a jikinsa. Abin ya kai har birnin Shikago na Amurka ya kafa dokar ƙayyade tsawon tsinken a 1910. A Ingila, matan da ke fafutukar samun 'yancin jefa ƙuri'a sun kafa rukunin masu tsaron shugabanninsu a 1913, Edith Garrud ta horar da su kokawar Japan, suna ɓoye kulake a cikin riguna.

Yau ƙungiyoyi a Turai da Amurka sun koma wa waɗannan kundaye, suna gwada darussan da hular kariya da lauzunan roba. A Fotugal kuwa wasan sanda bai taɓa yankewa ba, hannu da hannu ya iso. Duk wanda ya gwada ya kan gane cewa ba lauje ko tsinke ne ya ceci mutanen nan ba. Sabo ne da kayan, da sanin tazara, da natsuwa a lokacin tsoro. Wannan ilmi na talakawa ne, kuma ya cancanci a adana shi kamar yadda ake adana takubban sarakuna.