Abin da Ya Haɗa Tukubar New Bell da Lakar Wouri

Duk wanda ya tsaya gaban tukubar mai tsire a unguwar New Bell ta Duwala da magariba, ƙarfin rana yake saye. Ciyawar Adamawa ce ta kama hasken ta mai da shi abinci, sa ya ci ciyawar, aka yi lodinsa daga Ngaundere zuwa Duwala. A kowane mataki ƙarfin raguwa yake yi, domin san ya ƙone mafi yawansa wajen numfashi da tafiya da ɗumin jiki. Tun 1942 wani masani ɗan Amurka, Raymond Lindeman, ya bayyana wannan tsari, kuma ƙiyasin masana shi ne kusan kashi 10 cikin 100 kaɗai ke hayewa zuwa mataki na gaba. Ƙarfin da ya zama zafi ya tafi ke nan, sai rana ta kawo sabo. Sinadaran da suka gina jiki kuwa zagaye suke yi: daga ƙasa zuwa ganye, daga ganye zuwa dabba, su koma ƙasa a matsayin taki.

A Duwala, ɗaya daga cikin manyan ƙofofin da ƙarfin rana ke shiga ruwa ita ce dajin mangurob na bakin kogin Wouri, itatuwan nan masu dogayen saiwoyi da ke tsaye cikin ruwan gishiri. Ganyensu na zuba cikin laka, ƙaguwa da ƙananan halittu su rududduge shi, jatan lande da 'ya'yan kifi su ci, manyan kifaye su ci waɗannan, masunta su sauke su a bakin ruwan Youpwe. Yawan jatan landen wannan kogi ne ya sa Turawan Fotugal suka raɗa masa suna wajen 1472, sunan da ya zama Kamaru. Abin takaicin shi ne, a sansanonin masunta irin na Manoka, da itacen wannan dajin ake bandar kifin da ke cika kasuwanninmu. Wato muna ƙone gidan renon kifi don mu gasa kifi.

Wani zai ce ai itace na tohowa. Gaskiya ne, amma gatari ya fi tsiro sauri, kuma in saiwoyi suka mutu, igiyar ruwa kan kwashe lakar da sabon tsiro zai kama. Wani kuma zai ce talaka bai da zaɓi. Wannan uzuri ne mai ƙarfi, sai dai talakan ne farkon wanda zai ji jiki ranar da koma ta fito wayam. Akwai murhun banda na zamani da ke cin itace kaɗan, kuma tun 2018 yankin Douala-Edéa ya zama gandun daji na ƙasa. Saura aiki da dokar kare gandun.

Rabonmu na laifin yana cikin kwatar ƙofar gida. Ɓawon ayaba zai ruɓe ya koma cikin zagayen, leda kuwa babu halittar da ke cinye ta cikin sauƙi. Sai ta toshe magudana da damina, ruwa ya shiga ɗakuna, sauranta ta gangara Wouri ta shaƙe saiwoyin da ke renon kifi. Limaman unguwa da shugabannin kasuwa da na mahauta suna da bakin da ake ji. Su tunatar da jama'a cewa kogi ba ya ɓatar da abin da aka zuba masa; ajiya yake yi, kuma a kwanon miyarmu zai dawo mana da ita.