Yadda za a zaɓi sandar sauti ta tele

Tele ta yanzu siririya ce kamar allo. Hotonta na da kyau, amma muryarta ba ta fita sosai. Sai ka ga an sayo tele sabuwa, tsoho na zaune yana tambaya: "Mi mai labaru ya ce?" In an ƙara murya, kiɗa ya yi yawa, magana kuwa ta cuɗe.

Mi ya kawo haka? Lasifika iska take turawa, iskar ce ke kawo murya ga kunne. Tele ta da tana da babban ciki, lasifikarta na da wurin numfashi. Ta yanzu ba ta da ciki. Lasifikokinta ƙanana ne, kuma yawanci ƙasa suke kallo ko bango.

Don haka aka ƙera sandar sauti. Akwati ce doguwa kamar taɓarya, da lasifika biyu ko fiye a ciki, suna kallon mutane. Ƙarƙashin tele ake aje ta. Bisa kwalinta za ka ga an rubuta "barre de son" da Faransanci. Kayan ga na cin kuɗɗi, saboda haka mu san abu 5 kafin mu kwance lalita.

1. Diba bayan telenka

Tun ba ka tafi kasuwa ba, juya tele ka karanta abin da aka rubuta kusa da ramukan waya. Ga amfanin karatu!

In ka ga HDMI, kuma ga ARC kusa da shi, to ka dace. Waya guda ta isa, kuma telekomandin tele shi zai riƙa ƙara murya da rage ta. Ramin HDMI da babu ARC ba ya fidda murya zuwa sanda.

In babu wannan, nemi ƙaramin rami mai ƴar ƙofa, wanda jar wuta ke haskawa ciki. Da haske murya ke bi ta wayarsa, kuma tana fita tas. Sai dai sau da yawa telekomandi biyu za ka riƙe.

Akwai kuma ɗan rami zagayayye irin na abin sauraro da ake sa wa salula. Shi ma yana aiki. Bluetooth kuwa ba ya son waya, amma wani lokaci baki na riga murya: mutum ya motsa leɓe, magana ta biyo baya.

Rubuta abin da ka gani ga takarda, ko ka ɗauki hotonsa da salula, ka nuna wa mai shago.

2. Gane lambobin da ke bisa kwali

Za ka ga 2.0, ko 2.1, ko 3.1, ko 5.1. Lamba ta fari tana faɗin hanyoyin murya. 2 na nufin dama da hagu. 3 na nufin an ƙara ta tsakiya, kuma ta tsakiyar ce ke ɗauke da magana. Lamba ta biyu tana faɗin ko akwai akwatin da ke ba da murya mai kauri, irin ta babbar ganga.

Mai son kiɗa da fim zai ji daɗin 2.1. Gidan da ke da tsofaffi, ko masu bin labaru da wasan kwaikwayo, mai hanyar tsakiya ta fi musu. Ƙaramin ɗaki ba ya bukatar 5.1.

3. Kada yawan wat ya ruɗe ka

Wani kwali za ka ga wat dubu da wani abu, ga PMPO kusa da lambar. Wannan ado ne na talla. Lambar da aka rubuta RMS kusa da ita ta fi kusa da gaskiya, ko da ƙarama ce.

Diba kuma wutar da sandar ke ci, an rubuta ta bayanta. Kuran na ƙasarmu bolt 220 ne. Batir na pano kuwa yawanci bolt 12 yake badawa. Mai aiki da hasken rana sai ya tambaya ko sandar na karɓar 12, ko sai da na'urar da ke maida wuta 220. Sandar da ke cin wat 30 daidai take da ampul 3 masu wat 10. Ka san ko batirinka zai kai dare da su.

4. Saurara kafin ka biya

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ga wanga ciniki, ji ne gaba. Mai shago zai sa maka kiɗa da ƙarfi. Ce masa: "Malam, don Allah sa mini labaru, ka rage murya." Ja baya kamar taki 4. In kana jin kowace kalma ba wahala, sandar ta yi. In sai gurnani kake ji, bar ta ko da araha ce. Ka karɓi takardar shaidar saye, ka tambayi wata nawa ne garanti.

5. Kula da ita, ka kula da kunnenka

Aje ta gaban tele, kada ta rufe ɗan idon da ke karɓar umurnin telekomandi. Kada a cusa ta cikin kabad. Lokacin hunturu a rufe ta da ƙyalle in ba a aiki da ita, don ƙura. In hadari ya taso, a cire waya.

Ƙara mai yawa tana kashe ji sannu sannu, kuma jin da ya tafi haka ba ya komowa. In sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, to sautin ya yi yawa. Ka tuna da jinjiri, da marar lafiya, da maƙwabci, da lokacin salla.

Tambayoyi
1. Don mi muryar tele ta yanzu ba ta da kauri?
2. Waɗanne haruffa 3 za ka nema kusa da HDMI?
3. Mi 3.1 ke nufi?
4. Mi za ka ce mai shago ya sa maka ka saurara?